Shekarar da Ciyawar Sanyi Ta Ƙi Ni

Jiya da la'asar ina zaune a tsakar gida a unguwar Rusaifa, nan Makka, sai na ji jikata Safiya tana gaya wa ƙawarta da Larabci, don tana tsammanin kunnena ya tsufa, wai kakarta aikinta ba wa ciyawa ruwa ne. Ƙawar ta ce ai wannan ko tiyo aka ajiye shi kaɗai zai yi. Suka yi dariya. To, ku matso kusa. Ban yi boko ba, ko sunana ban iya rubutawa ba, amma shekara goma na riƙe fili kore shar a garin da dutse ma yake neman inuwa. Ke Safiya, tunda ke kika fara, ke za ki rubuta, kuma kada ki gyara mini magana.

Sunana Delu, mutuniyar ƙasar Katsina. Inda na yi aikin nan istiraha ce, irin gidajen da ake haya don biki ko suna ko taron dangi, can bayan gari ta hanyar Muzdalifa. Mai gidan ana ce mata Ummu Faisal. Haifaffiyar nan ce, amma kakanta Bakatsine ne da ya zo Hajji a ƙafa bai koma ba, kuma Hausarta tana fitowa garau duk ranar da ranta ya ɓaci. Gidan ɓangare biyu ne, na maza da na mata, da doguwar katanga a tsakani, kowane ɓangare da filin ciyawarsa. Ni shara da wanke-wanke aka ɗauke ni, shekarar da jirgin ƙasan alhazai ya fara zirga-zirga tsakanin Mina da Arfa.

Mai kula da ciyawar lokacin wani tsoho ne daga garin Tawa, Baba Idi, dogo, siriri, wanda in ya yi magana goma a yini to ranar ya yi surutu. Matsalarsa ɗaya: idan mata suka kama gidan kwana biyu ko uku, ba shi da hanyar shiga ɓangarensu. Ciyawa kuwa ba ta san an yi baƙi ba, ƙishirwarta take ji. Sai ya tsaya bayan wata 'yar ƙofar ƙarfe ya ƙwanƙwasa.

"Ke mai shara, kina nan?"

"Ina da suna, Baba."

"To mai suna, buɗe famfo. Ki sa babban yatsa a bakin tiyo, ruwan ya watsu. Kada ki zuba mata kamar kina wanke tukunya."

Haka na fara, yana bayan ƙofa yana ba da umarni, ni ina ciki ina yi. Wata rana ya shigo bayan baƙi sun tafi, ya durƙusa ya tura yatsa cikin ƙasa a wuri huɗu, ya miƙe ya ce, "Ke ɗiyar manomi ce?" Na ce ƙwarai. Ya ce, "Gobe ki aje tsintsiya." Da bakinsa ya je ya gaya wa Ummu Faisal, aka ɗauki wata ta yi shara.

Abin da ku yara ba ku sani ba shi ne, filin da kuke gani kore ciyawa biyu ce a cikinsa. Akwai ta ƙasa, wadda Larabawa ke ce wa najil, ita ce kiri-kirinmu ta gida, mai yaɗo, mai taurin kai. Ita zafi take so. Da iska ta sassauta sai ta yi barci, ta koɗe, ta koma kalar tsohuwar tabarma. To lokacin ne kuma mutane suke son zama a waje, lokacin ne ake rububin hayar gida. Shi ya sa ake shuka ta biyu a kanta. Masu sayar da iri suna ce mata raigiras, ni ciyawar sanyi nake ce mata. Ganyenta siriri ne, kore mai duhu, bayansa yana sheƙi kamar an shafa masa mai, gindinta da ɗan ja. Mai shagon da muke sayen iri ya ce a ƙasashen ƙanƙara shekara da shekaru take yi ba ta mutu ba. A Makka kuwa baƙuwa ce. Wata huɗu, in ta yi kirki biyar, da zafi ya dawo sai ta kwanta, kiri-kiri ta farka ta karɓi gidanta. Kuma ba ta yaɗo. Tushe-tushe take fitowa, inda ta mutu ya mutu, sai kin dawo da iri a hannu kin cike gurbin.

Shukar farko da na yi da Baba Idi har yau ina jin ta a ƙuguna. Sai da muka aske kiri-kiri ƙasa-ƙasa, har ana ganin fatar ƙasa. Muka bi da manjagara muka kwashe busasshen ganye, buhu ya fi ashirin. Sannan ya zauna ya gauraya irin da yashi a cikin babban daro. Irin kamar 'yar shinkafa ce da ta rame, mara nauyi, in kika watsa ta haka kawai iska ce za ta zaɓa mata wuri. Ya raba daron biyu. Rabi muka watsa muna tafiya daga gabas zuwa yamma, rabin kuma daga kudu zuwa arewa, don kada fili ya fito da layi-layi kamar kitson da aka yi da gaggawa. Bayan haka aka kawo takin tumaki, wanda ya shekara a ajiye ya huce, na tankaɗe shi da rariya kamar garin tuwo, muka barbaɗa sama-sama yadda zai rufe irin kawai. Sai duro da aka cika rabi da ruwa, muka mirgina shi a kai don iri ya manne da ƙasa. Ranar ban iya ruku'u daidai ba a sallar magariba.

Daga nan sai ruwa, aikin da ƙawar Safiya ta ce tiyo zai yi shi kaɗai. Sabon iri sau huɗu a yini ake yayyafa masa, kaɗan-kaɗan. In ya bushe sau ɗaya bayan ya fara kumbura, ya mutu. In ruwa ya kwanta, iri ya taso ya taru a kwari, gefe guda ya yi gashi gefe guda ya yi sanƙo. Ruwan kuma ba daga sama yake zuwa ba, wayit ce ke kawo shi, wato motar tanki, a zuba a rijiyar ƙasa, inji ya tura shi tankin saman soro. Wani direban zai kawo miki mai gishiri ya rantse mai daɗi ne. Ni sai na ɗanɗana kafin ya sauke tiyonsa. Na taɓa mayar da mota guda cike, direban yana ta zage-zage da yarensu, ni ina mayar masa da nawa. A kwana na shida ko na bakwai, in kika durƙusa da sassafe kika kalli filin ta gefe, za ki ga wani kore-kore kamar gashin jariri. Baba Idi ba ya murmushi, amma ranar sai ya ce a dafa shayi.

Tattabaru kuwa, ku da kuka tashi a garin nan kun san su, ba sa tsoron kowa don sun san ba mai taɓa su. Gidan yana cikin iyakar Harami, ba a jifan tsuntsu, ba a firgita shi. A garinmu da gwangwani da dutse ake korar tsuntsu daga gona, a nan kuwa ga iri a ƙasa, ga tattabara ɗari a kan katanga suna kallonki. Dabarar Baba Idi ita ce ya ciyar da su. Kowace safiya ya zuba musu alkama a bayan katanga, can nesa, su ƙoshi, sannan mu lulluɓe gefen da suka fi sauka da tsofaffin buhunan algarara har tsiro ya fito. Wata baƙuwa ma ta taɓa tsayar da ni ina tura injin yanka, ta ce in ji tsoron Allah, ciyawar Harami nake yankewa. Abin ya tsaya mini a rai, na je na tambayi malamin unguwarmu. Ya ce wadda ta fito da kanta ita ake bari, wadda mutum ya shuka da hannunsa tasa ce. Na ce to wannan kam da hannuna da ƙuguna na shuka ta.

Injin yankan nan na turawa ne, ba mai shan fetur ba, kuma ni na fi son sa haka don ina jin ciyawar a hannuna. Ba a yanka sai ta kai tsawon yatsa, kuma kashi ɗaya cikin uku ake cirewa, ba a wuce haka. Wuƙar injin kullum a wase. Dakusasshiyar wuƙa ba ta yanka, yagewa take yi, washegari ki ga bakin ganye ya yi fari kamar an barbaɗa toka. Gefen katanga da gindin bishiyar lemo kuwa da almakashi nake bi, a durƙushe.

Baƙi su ne sauran aikin. Akwai mai takalmi mai tsini da za ta bi fili ta huda shi kamar mai shukar gyaɗa. Akwai mai juye sauran gahawa mai zafi a gindin kujera. Wata ta ajiye kaskon turaren wuta a kan ciyawa, da safe na tarar da baƙar da'ira kamar an ɗora tukunya. Mafi muni masu shimfiɗa kafet su bar shi kwana biyu, ki ɗaga ki ga ƙasan ya yi rawaya. Na koyi zagayawa da faranti ina cewa, "Ya habibti, ga wurin kasko," ina murmushi, a cikina ina faɗin abin da ba zan maimaita a gabanku ba. Amma su ɗin dai su suka sa mini suna. In mace za ta kama gida sai ta ce, wanda Delu mai ciyawa take.

Shuka biyu na yi da Baba Idi, sannan gwiwa ta hana shi aiki, 'ya'yansa suka ce ya koma gida. Duk shukar nan biyu, washegarin azumin Ashura muka yi su, a watan Cika-ciki. Alhazai sun watse, an daina ganin jerin motocinsu a tashar Kudai, gari ya yi shiru, iska ta yi daɗi. Ga kuma al'adar mutanen nan, ranar farko ta sabuwar shekara a sha madara don shekara ta yi fari, a ci miyar lalo don ta yi kore. Ummu Faisal ba ta taɓa fashin aiko mana da lalon nan ba. Sai na haɗa abin a kaina na ɗaure: an ci lalo, an yi Ashura, a shuka ciyawa. Ban tambaye shi ba, shi ma bai faɗa ba. Abu ɗaya na lura yana yi, kullum da azahar sai ya buɗe famfon lambu ya tara hannu ya daɗe, yana kallon sama. Ni har faɗa nake masa, ina cewa ruwan nan sayensa ake yi.

Shekarar farko da na yi ni kaɗai, fili ya yi kyau har na fara tafiya da ƙafaɗa. Ta biyu ya ɗan yi sanƙo a tsakiya, na ce direba ne ya kawo ruwan gishiri. Ta uku rabin irin bai fito ba, sai da na sake watsawa, na je na yi wa mai shago tas, na ce tsohon iri ya sayar mini. Bawan Allah ya yi ta rantsuwa. Har yau in na tuna sai na nema masa gafara a wurin Allah, ni kuma na nemi tawa.

Ta huɗu ita ce shekarar da nake son ku ji. Aka ci lalo, aka yi Ashura, na aske fili na watsa iri. Gumi yana zuba mini har cikin ido, amma ban tsaya na tambayi kaina me ya sa nake gumi haka a ranar shuka ba. Tsiro ya fito a kwana na biyar, na ce alhamdu lillahi. Kwana uku bayan haka na fito da safe na ga wani farin abu kamar saƙar gizo ya kwanta a kansa, tsiron ya yi laushi ya faɗi kamar dafaffen alayyafo. Na ce ƙishirwa ce, na ƙara ruwa. Ashe dafa shi nake yi. Kafin mako ya zagayo filin mata ya zama taɓo mai wari, kiri-kirin da na aske ma ta ruɓe wuri-wuri.

A shekarar ce kuma aka sa bikin Abir, autar Ummu Faisal, a hutun makaranta na tsakiyar shekara, kuma a gidan za a yi. Faisal, babban ɗanta, shi ke riƙe da harkar haya. Yaro ne mai ladabi, amma ya daɗe yana cewa ciyawar gaske wahala ce. Sai ga shi da wani yanki na ciyawar roba a hammata, irin wadda ake shimfiɗawa kamar kafet. Hausarsa rabi da rabi ce, Hala yake ce mini, wato inna.

"Ya Hala Delu, halas. Wannan ba ruwa, ba taki, ba tattabara. Kwana uku an gama. Ke ma ki huta."

"In huta in yi me?"

Uwarsa ce ta amsa, tana tsaye a bakin taɓon ta toshe hanci da gyale. "Haja Delu, in aka shimfiɗa roba ai sai shara." Wato in koma tsintsiyar da na ajiye, da furfurata, a gidan da ake kira da sunana.

Na ɗauki yankin robar nan na ajiye a rana. Da ya dawo da azahar na ce ya cire takalmi ya taka. Ya taka, ya yi tsalle kamar ɗan akuya, har uwarsa ta yi dariya. Amma da ya sa takalminsa sai ya ce, "Hala, biki ba da azahar ake yi ba." Gaskiya ya faɗa. Na juya wurin uwar na ce a ba ni buhu ɗaya na iri, sau ɗaya tak. Ta ce, "Buhu ɗaya. In saura mako guda biki fili bai yi ba, Faisal ya kawo mutanensa, kuma ba na son kuka."

Ranar na sa aka nemo mini lambar ɗan Baba Idi a Tawa. Da aka miƙa wa tsohon waya, muka gaisa, na zayyana masa komai, na ce iri ya lalace a duniya. Sai ya ce, "Yaushe kika shibka?"

"Washegarin Ashura mana, kamar yadda muke yi."

Sai na ji wani sauti da ban taɓa ji ba tunda na san shi. Dariya yake yi, har da tari.

"Delu, na tambaye ki ko ke ɗiyar manomi ce, kika ce i. Tsohonki da watan azumi yake shibka hatsi?"

"A'a, sai ruwa ya sauka."

"To mi ya sa ke kika bi wata? Azumi nawa kika yi cikin sanyi, nawa kika yi cikin zafi?"

Nan na zauna a kan duro. Ni da na san Ramadan yana zagayawa, na yi shi cikin sanyi ina yarinya, na yi shi cikin zafin da harshe ke manne wa ganɗa, ban taɓa kawo wa raina cewa Ashura ma tafiya take yi ba. Kowace shekara tana matsowa baya da kwana goma sha ɗaya, ni kuma ina biye da ita da buhun iri a ka, har ta kai ni cikin zafi.

Na ce, "To kai da me kake ganewa?"

"Famfon da kike mini faɗa a kai. Ruwan tankin soro ne, rana ke dafa shi. Ki tara hannu da azahar. In kin janye, ba a shibka. Ranar da kika iya alwalla da shi ba ki yamutse fuska ba, ki ƙirga kwana bakwai a jere. In rana ɗaya ta karya, ki koma farko. Da asuba kuma ki taka ƙasa ba takalmi, ki ji ko ta huce."

"Me ya hana ka gaya mini tun da?"

"Kina kallo ai. Na ɗauka gani kike."

Jiran nan ya fi shukar wuya. Na kwashe ruɓaɓɓen tsiro, na bar ƙasa ta bushe ƙamas don cutar ta mutu, aka shimfiɗa kafet ga masu haya. Buhun iri yana ɗakina, na ɗora shi a kan kujera. Kullum da azahar in je famfo, in tara hannu, in janye. Masu aikin kicin suka mayar da ni abin wasa, in na wuce sai su ce, "Haja, yau ruwan ya ba da izini?" Ummu Faisal ta zo har sau uku.

"Haja Delu, kin karɓi iri kin ajiye. Kwana na tafiya."

"Hajiya, in na shuka yau, buhun nan ma ya tafi."

"Kwana nawa take so kafin a taka ta?"

"Arba'in."

Ta ƙirga a yatsunta, ta dube ni, ta tafi ba sallama. Sau ɗaya na kai kwana huɗu, rana ta biyar aka yi wani zafi ruwan ya koma kamar na shayi. Na tsaya a gaban famfon nan, zuciyata tana cewa ki yi kamar ba ki ji ba, wa ya gani? Na tuna dariyar tsohon nan, na koma farko.

Ranar da bakwai ta cika, saura kwana talatin da bakwai wa'adin Faisal, arba'in da huɗu biki. Na aske, na share, na gauraya da yashi, gabas da yamma, kudu da arewa. Masu kicin da ke mini tsiya su suka taya ni mirgina duro. Tattabaru suka ci alkamar da ba su taɓa ci ba. A kwana na shida gashin jariri ya fito, kuma wannan karon da na durƙusa da safe raɓa na gani a kansa, babu saƙar gizo. Na ɗaure igiya na kewaye filin, ko kyanwa ta doso sai ta ji muryata. Na yi yanka na farko a mako na uku, na bi guraben da suka yi sanƙo da iri a tafin hannu, na sake yanka sau biyu.

Ranar wa'adi da la'asar Faisal ya zo da mota cike da naɗaɗɗiyar roba da ma'aikata uku, ya bar su a waje. Bai leƙa filin ba tun ranar da ya yi tsalle. Ummu Faisal kuma ta zo da uwar ango, wata dattijuwa mai ƙiba da gilashi, don ta ga wurin da za a zaunar da danginta. Da ma an gaya mata roba za a shimfiɗa. Na sa mayafi, na kwance igiya, na koma gefe.

Matar nan ta tsaya a bakin fili. Rana ta karkata, ganyen yana sheƙi, ko'ina daidai kamar an auna. Ta sunkuya da ƙyar ta shafa. Ta ce, "Masha Allah, ya Faisal. Robar nan taka kamar ta gaske. Har da sanyi. A ina ka saya? Ina so a sa mini a gida."

Ummu Faisal ta kawar da kai, tana danne dariya. Faisal ya cire takalmi, ba wanda ya ce ya cire, ya shiga har tsakiya, ya tsuguna ya tsinki ganye ɗaya ya murza ya shinshina. Sannan ya ce wa matar, "Wannan ba a shago take ba, ya Hala. Ga mai ita can." Ya fita, muka ji motar ta tashi da kayanta.

Uwar ango ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ke kika yi wannan? Me kike zuba mata?"

Na ce, "Ruwa kawai, Hajiya."

Ranar bikin na ajiye babban kwando a bakin fili, Ummu Faisal da kanta ta tsaya ta ce duk mai tsini ta zuba a ciki. Mata ɗari da wani abu suka yi rawa ba takalmi. Kasko ɗaya ne ya kuɓuce mini, na cike gurbinsa da safe.

Na ƙara shuka huɗu a gidan kafin gwiwa ta yi mini abin da ta yi wa Baba Idi. Wadda na koya wa aikin, ranar farko na kama hannunta na kai famfo, na faɗa mata da baki, don na san kallo ba ya isa. Ashura kuwa yanzu ta yi nisa cikin zafi. Ina azuminta, ina cin lalona, iri yana ɗaki yana jira. Ke ƙawar Safiya, mai cewa tiyo zai yi shi kaɗai, ga famfo can a bakin ƙofa, kuma yanzu aka kira azahar. Je ki tara hannu, ki dawo ki gaya mini ko yau ana shuka.